Tasalla da Birnin Juyi a Kwandon Daddawa

A ƙauyen Tudun Kalwa akwai wani tsohon kwando da birane ke iyo a cikinsa. Wanda ya gan shi rataye a ɗakin girki, baƙi ƙirin, baki duk ya zaizaye, ko dusar akuya ba zai yarda ya zuba a ciki ba. Amma a cikinsa Iya Dudu ta yi shekara da shekaru tana rufe kalwa, kuma daddawar da ke fitowa daga nan, in aka jefa ta a miya, sai ka ga maƙwabta sun tuno da gaisuwar da ba su yi ba tun bara.

Iya Dudu tana da wata al'ada. Duk ranar da ta dafa kalwa ta tsane ta, ta juye a kwando, kafin ta rufe da ganye sai ta soka gutsuren tsamiya a gefe, ta ce, "Ga rabon masu gida." Ba ta taɓa faɗa wa kowa su wane ne masu gidan ba.

Da tsufa ya kama ta, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, sai sana'a ta koma hannun 'yarta ta fari, Tasalla. Ita Tasalla mace ce mai jiki, mai wushirya, mai dariyar da ake ji tun daga bakin rijiya, ta aurar da 'ya'ya har tana goyon jikoki. Hali biyu ne kawai suka hana ta cika: gaggawa da tsamiya. Gaggawa ce ta sa take antaya wa kalwa kanwa hannu-hannu don ta yi saurin laushi. Tsamiya kuwa, tun tana yarinya aka jarabce ta da ita. In ana jiƙa ta a ƙarshen gari, Tasalla za ta tsaya cak a tsakar gida ta haɗiyi yawu. To, wannan baiwar Allah ce Iya take miƙa wa gutsuren tsamiya daga kan gado, tana cewa a kai wa masu gida. Ai kun san sauran. Tsakanin ɗakin Iya da ɗakin girki Tasalla take tsotse shi tas, ta soka ƙwallon a kwando, ta ce a ranta ai masu gidan ba su da bakin kai ƙara.

Sai daddawa ta ƙi. A rufe, a buɗe, kalwa tana nan sanyi ƙalau, ba yauƙi, ba ɗumi, ba wannan warin da ke korar baƙo ya kira ɗan gida. Aka sayo ta kasuwa aka yi miya, Iya ta sansana ta kau da kai. Aka jefa dunƙulen kanti, ta ce a ɗauke mata wannan abin daga gabanta. Tun ana lallashi har aka koma roƙo. Iya ta daina cin tuwo, sai ruwa da ɗan kunu, shi ma da ƙyar. Awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Tasalla ta tsorata ƙwarai, don ta ga uwarta tana tafiya a hankali a gaban idonta.

Wata safiya ta buɗe kwando ta tarar da kalwa yadda ta zuba ta, har wani farin gashi ya fara tsirowa a gefe. Ta zauna dirshan ta fashe da kuka. Iya ta jiyo daga ɗaki. Da yake 'yar fari ce, ba ta kiran sunanta, sai ta ce, "Ke mai kukan nan, zo."

Tasalla ta shiga ta durƙusa.

"Laluba ƙarƙashin matashina, akwai mazarina na kaɗi. Ki kafa shi a kan kalwar ki murza shi hagu, ki je ki ji abin da ya same su. In kin gama ki murza dama."

"Su wa, Iya?"

"Ke dai je ki. Kuma ki ɗaure zanin nan naki tamau, na gaya miki."

Tasalla ta ci ɗamara, ta kafa mazari a kan kalwa, ta yi bisimilla ta murza hagu. Mazari ya kama juyi yana wani siririn kuka. Bakin kwando ya fara nisa, ya yi sama, ya zama tsaunuka. Ƙwayar kalwa guda ta kumbura ta zama dutse, dutsen ya zama ƙasa mai faɗi, ɗan danshin da ke jikinta ya zama teku. Kafin ta gama salati ta ji ta tsundum a ciki, mazari a hannu.

Ruwan ba irin na rafi ba ne, kauri gare shi kamar kokon da ya huce. Tasalla ta iya iyo, don a bakin rafi ta tashi. Ta miƙa hannu ta ja ruwa, ta yi gaba kaɗan. Ta mayar da hannun don ta sake ja, sai ta koma daidai inda ta taso. Ta sake, ta kuma sakewa, tana haki, ba ta matsa ko taƙi ɗaya ba. Ga wasu abubuwa da ido ba ya gani suna ta bangazarta ta ko'ina, ba mai cewa gafara.

Sai ta ji wata murya: "Baiwar Allah, daina wahal da kanki. A ƙasar nan wanda ya tura ya janyo, a nan zai tsufa. Mai juyi ne kaɗai ke tafiya."

Ta waiga. Wani ɗan tsamurmurin aljani ne mai murɗaɗɗen kai, zaune a kan wata igiya mai kaurin gindin kuka, ita ma a murɗe, ta miƙe har inda ido ya gaza. Ya miƙo mata ƙugiya ya janyo ta.

"Ni ne Katantanwa, Sarkin Mazaran Birnin Juyi. Wannan da kike kai wutsiyar birninmu ce. A da, in da kin taɓa ta, da sai dai a tsinto ki a wata ƙasa. Yanzu kuwa ga ta nan, har kujera nake yi da ita." Ya kalli mazarin hannunta, ya miƙe tsaye ya rusuna. "Na san wannan sanda. Taho, Magajiya za ta so ganinki."

Suka bi wutsiyar da rarrafe har suka iso birni. Birnin dogo ne kamar tulun da aka kwantar, kewaye da ganuwa mai sheƙi, wutsiyoyi sun fito daga jikinsa ta kowane gefe, duk sun yi laƙwas. A can nesa Tasalla ta hango wasu biranen irinsa, ba iyaka, kowanne a tsaye cik.

A gindin wutsiyar ta ga abin da ya sa ta manta da tsoro. Wutsiyar ta lanƙwasa ta yi gwiwa, daga gwiwar wata sanda ta ratsa ganuwa ta cikin zobba masu santsi, a can ƙasa sandar ta zauna a kan wani makeken faifai mai haƙora. Kewaye da faifan ga aljanu jere, kowanne ya kafa bayansa a ganuwa, yana tsaron wata 'yar siririyar ƙofa, a gabansa ɗan ƙaramin faifai da haƙoransa suka cije na babban.

Katantanwa ya ce, "Waɗannan su ne 'yan ƙofa. Tsami yakan taru a wajen ganuwa yana neman shiga, ba hanya sai ta ƙofofinsu. Duk ɗigon da ya kutsa sai ya ture ƙaramin faifai, ƙaramin ya ture babba, babba ya murza sanda, sanda ta juya wutsiya, birni ya tafi. Sanda da faifanta mazari muke ce musu, kowace wutsiya da nata. Ba mai turawa, ba mai ja. Waɗancan kuma," ya nuna wasu ƙananan duwatsun niƙa da ke kafe a ganuwa birjik, "su ma tsamin ke juya su. Duk juyi ɗaya su sauke dunƙulen ƙarfi uku, shi ne abincin gari."

Tasalla ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Duk wannan a cikin kwandon Iya?"

"Mu dai duniya muke ce masa."

Amma ba abin da ke motsi. 'Yan ƙofa sun yi jugum, wasu ma sun bar ƙofofinsu sun tafi yawo.

Magajiyar birni tana zaune a tsakiyar gari a kan wani dogon zare da aka naɗe ya yi tsibi. Doguwa ce, fara sol, ba ta da ido ko ɗaya, sai hanci mai kyau. Tasalla ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, ni 'yar Dudu ce. Uwata ta daina cin abinci saboda daddawa ta ƙi. Na zo in ji laifin da muka yi."

Magajiya ta ce, "Lale da jinin Dudu. Ki sani, 'yar Adam, mu ne masu dafa kalwa bayan wuta ta gama nata. Mukan bi ta ƙwaya ƙwaya, mu ci, mu yi yawa, mu bar mata ɗumi da yauƙi da ƙamshi. Amma masifa biyu sun auko mana. Ta farko, farin ruwa ya sauko daga sama, mai ɗaci, ya kashe duk tsamin da ke tekunmu."

Tasalla ta tuna hannunta cike da kanwa, ta sunkuyar da kai.

"Ko a zamanin Dudu farin ruwa yakan zo jefi-jefi, ba mu damu ba, don akwai Dutsen Tsamiya da ake saukar mana a gefen duniya. Daga gare shi muke samun abin tayar da mazaranmu, in sun tashi kuma mun iya da sauran. Masifa ta biyu ita ce, yanzu dutsen a tsotse yake zuwa. Wata Dodanniya ce a sama take lashe shi ƙwal kafin ya iso. Ko kin san ta?"

Tasalla ta rufe bakinta da gefen mayafi. Ta ce ta cikin mayafin, "Ranki ya daɗe, duniya da faɗi."

"Haka ne. To, masu yawo sun ce a wannan karon akwai wani siririn tsiri na tsamiya da ya saura a jikin dutsen, daga sama har ƙasa, ba a san yadda ya tsira ba. In mun kai gare shi mun rayu. Amma mazaranmu sun tsaya, masu sansanar hanya kuma farin ruwa ya toshe musu hanci. Ga Sarkin Fumfuna yana matsowa da farin gashinsa. In ya rufe kalwa, mu mun ƙare, uwarki kuma ba za ta ƙara jin ƙamshin da take jira ba."

Tasalla ta ɗago. "Ranki ya daɗe, in dai tsamiya ce, a bar ni da ita. Ko a bayan duniya take, harshena zai kai mu."

Katantanwa ya ce, "Saura abin tafiya. Akwai dunƙulen ƙarfi a rumbu, na ƙarshe ke nan. In muka ciyar da duwatsun niƙa da shi, za su juya da baya, su tofar da ɗan tsamin da ke cikin gari zuwa waje, ya dawo ta ƙofofi ya juya mazarai. Amma in ya ƙare ba mu isa ba, ba abinci, ba tafiya."

Magajiya ta ce, "A buɗe rumbu."

Aka buɗe. Duwatsun niƙa suka kama juyi da baya suna gurnani. 'Yan ƙofa suka rugo kowa ya kama wurinsa. Ɗigo ya kutsa, faifai ya ce ƙit, wani ya biyo, wani ya biyo, sai ga manyan faifai suna gudu har haƙoransu sun ɓace wa ido. Wutsiyoyin nan da suka yi laƙwas suka miƙe, suka haɗu a bayan birni suka tufke kansu igiya ɗaya, birni ya tsaga ruwa. Gari ya ɗauki guɗa.

Aka kai Tasalla goshin birni aka zaunar. Katantanwa ya ce, "Ki ji dokar tafiyarmu. Birninmu ba shi da ido, ba shi da linzami. Abu biyu muka iya. In mazarai suna juya hagu, mu miƙe sak. In suka juya dama, wutsiyoyi su warware, birni ya yi alkafura, duk inda goshinsa ya kalla nan muka nufa. Ke dai ki ɗanɗana ruwa. In tsami yana ƙaruwa ki ce hagu. In yana raguwa ki ce dama."

"Alkafura? Ni? Da jikoki?"

"Ki riƙe da kyau."

Tasalla ta zaro harshe ta lasa. Ɗacin kanwa zalla. Ta ƙara lasa, ya ƙara ɗaci. Ta runtse ido ta ce, "Dama!"

Wayyo! Sama ta koma ƙasa, ƙasa ta koma sama. Ɗankwali ya yi nasa wuri. Tasalla ta ƙanƙame ganuwa tana kiran Iya, a nan ta gane dalilin da ya sa aka ce ta ɗaure zani tamau. Birni ya tsaya da wulwulawa, ya miƙe wata sabuwar hanya. Ta lasa, ba daɗi. "Dama!" Aka sake kifawa. A ta uku sai ta ji wani ɗan abu can a gefen harshe, siriri, wanda ya sa kunnenta ya motsa. Ta yi ihu, "Hagu! Hagu, don girman Allah kada wanda ya taɓa komai!"

Haka suka yi ta tafiya, miƙewa da alkafura, alkafura da miƙewa. Tun tana salati in za a kifa har ta koma ƙyaƙyata dariya, har ma Katantanwa ya fara zargin tana kiran dama ba gaira ba dalili. Suka ratsa kwazazzabo tsakanin kalwa biyu, inda duhu ya yi yawa sai da ta bi da harshe kaɗai. Suka wuce ƙarƙashin jijiyar ganye mai tsawon kogi. Wasu mugayen aljanu masu dogayen ƙafafu da kai kamar fitilar ƙwai suka yi ta saukowa suna neman inda za su kafa allurarsu a ganuwa, amma duk wanda ya sa ƙafa sai alkafura ta yi jifa da shi.

Sai ruwa ya fara yin fari. Zaruruwa suka bayyana, farare, masu laushi, sun yi rassa ta ko'ina kamar daji. Suka nannaɗe wutsiyoyi a hankali har mazarai suka fara nishi. Daga tsakiyar dajin wata fuska ta fito, gemunta shi ne dajin gaba ɗaya. Sarkin Fumfuna ke nan. Maganarsa a hankali take fita, kamar mai jin barci.

"Sannunku da wahala, mutanen Juyi. Ina za ku da wannan gaggawa? A ƙasata ba abin da ke juyawa. Kowa kwance yake, ni nake lulluɓe shi. Ke kuma 'yar Adam, na ga jiri ya gama da ke. Mazarin komawa gida yana hannunki, murza shi dama ki tafi ki huta. Tsohuwa ta ci zamaninta. Ki bar mini kalwar nan, ni ma ina da 'ya'ya."

Tasalla ta ji ranta ya ɓaci. Ta gyara ɗamara ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode da tayin hutu. Amma tsohuwar da kake faɗa ita ta tauna ta ba ni lokacin da ba ni da haƙori, kuma ba ta gama cin tuwonta na duniya ba. Gemun nan naka kuwa, ni na san maganinsa, rana ɗaya a kan rufin ɗaki ta ishe shi. Katantanwa, dama! Dama, kada ku tsaya!"

Mazarai suka juya gaba ɗaya. Wutsiyoyi suka warware da ƙarfi, kowacce ta fyaɗi nata gefen, birni ya yi ta wulwulawa yana tsinka gemu ɓas ɓas ɓas. Sarkin Fumfuna ya yi ƙara, abin da ya fi sauri da ya taɓa yi ke nan tun da aka halicce shi. Suka fice da guntayen gemu a wutsiya, 'yan ƙofa suna yi masa gwalo.

Suna fita sai ga Dutsen Tsamiya a gabansu, ja wur, sumul, an tsotse shi har yana ƙyalli. A tsakiyarsa ga tsirin nan, siriri, baƙi-baƙi, daga sama har ƙasa. Yawun Tasalla ya tsinke.

A daidai nan duwatsun niƙa suka yi tari suka yi shiru. Faɗa da Fumfuna ya cinye rumbu. Mazarai suka ce ƙit, ƙit, suka tsaya. A ruwan nan kuwa ba a gangarawa, mazari na tsayawa birni ya kafe a wurin. Ga dutse ana gani, amma tsamin da ke isowa bai kai ya ture ko ƙofa ɗaya ba. A baya kuma farin gemu ya fara sake miƙowa.

Tasalla ta dubi mazarin Iya da guntun zaren da ke jikinsa. Ta ce wa Katantanwa, "Ba kai ka ce mai juyi ne ke tafiya ba?"

Katantanwa ya ce, "Ni na faɗa. Amma hagu kawai, zuwa da dawowa. In hannunki ya kuskure dama, a tsakar gidanku za ki tsinci kanki."

Ta warware zaren ta sake shi a bayanta, ta kama mazari da tafin hannu biyu ta shiga murzawa. Zare ya murɗe ya kama juyi, sai ga Tasalla tana tafiya cikin ruwa, a hankali, kamar wadda ake ja da igiya. Hannuwa suka yi zafi, kafaɗa ta ɗauki ciwo, ba ta tsaya ba har goshinta ya taɓa tsiri.

A nan fa jarrabawa take. Hannu biyu na mazari ne, ba ƙwarya, ba kwano. Wurin ɗaukar kaya ɗaya ne ya rage mata. Ta buɗe baki ta gatsa, ta cika kunci na dama, ta cika na hagu, har ta kasa haɗa leɓe. Kuma tsamiyar Iya ce, zaɓaɓɓiya, mai zaƙi-zaƙi a ƙarshe, irin wadda ba a samu a kasuwa. Jama'a, tun da aka haifi Tasalla ba a taɓa sa tsamiya a bakinta ta fito ba.

Ta juyo. Yawu ya cika mata baki, maƙogwaro yana ta motsi da kansa yana roƙo. Hawaye suka zubo. Wata zuciya ta ce ɗan kaɗan dai, ai ba za a gane ba. Sai ta tuna awarwaron Iya yana zamewa har gwiwar hannu. Ta dafe maƙogwaron da haɓa, ta ci gaba da murza mazari, tana gurnani kamar kyanwar da ta kama nama.

Ta iso gindin babbar wutsiya, ta nufi ƙofofi, ta fesar da kayan bakinta gaba ɗaya, ko ɗigo ba ta rage ba.

Ƙit. Ƙit ƙit ƙit. Faifai ya tashi. Wutsiya ɗaya tak ta kama juyi, ta tura birni yana tangaɗi, har ya je ya jingina da tsiri. Nan tsami ya kwararo ta kowace ƙofa. Mazarai duka suka ɗauka, duwatsun niƙa suka koma juyinsu na gaskiya, dunƙulen ƙarfi yana zubowa uku-uku har yara suna wasan jifa da shi. Birni ya ci ya ƙoshi, ya yi tsawo, ya tsuke a tsakiya, ya rabu biyu, kowane rabi da Magajiyarsa da Katantanwansa. Biyu suka zama huɗu. Suka bazu suna kai wa sauran birane tsami, waɗanda suka farfaɗo su ma suka kai wa na gaba. Kafin wani lokaci teku ya cika da birane masu gudu da alkafura, ruwa ya ɗauki ɗumi, yauƙi ya fara saƙa kansa tsakanin kalwa da kalwa. Sarkin Fumfuna ya naɗe abin da ya rage na gemunsa ya yi gefe.

Murna ta kama Tasalla, ta manta da kanta, ta wangale baki ta saki dariyar nan tata ta bakin rijiya.

Katantanwa ya dubi bakin. Ya dubi tsirin da ke jikin dutse. Ya sake duban bakin. Ya matsa kusa da Magajiya ya yi mata raɗa.

Magajiya ta ce, "'Yar Dudu, matso." Ta sa yatsa ta shafa haƙoran Tasalla na gaba, ta tsaya a kan wushirya. "Sarkin Mazarai ya ce faɗin wannan ƙofa da faɗin tsirin da ya cece mu ɗaya ne, in an ƙara girma. Ashe Dodanniya ce da kanta ta zo mana."

Tasalla ta zube. "Ranki ya daɗe, ni ce. Kanwar ma ni ce. A yi mini duk hukuncin da ya dace."

Sai kafaɗun Magajiya suka fara rawa, ta fashe da dariya, gari duka ya ɗauka.

"Bakin da ya cinye rabonmu shi ya dawo mana da shi, kuma inda haƙori ya yi rowa, wushirya ta yi kyauta. Ga hukuncinki. Kanwa, abin da yatsa uku suka ɗauka, ba ƙari. Tsamiya kuma gutsure biyu za ki riƙa karɓa, ki shanye naki a gaban uwarki kafin ki doshi kwando. Yanzu je ki, ki rufe mu da ganye, kada ki leƙa sai ƙamshi ya kira ki."

Tasalla ta yi sallama da Katantanwa, har da 'yar ƙwalla. Ta murza mazari dama, ta yi alkafurar ƙarshe, ta faɗo tim a ɗakin girki, ba ɗankwali. Ta tsince kalwar da ta yi farin gashi ta zubar, ta rufe sauran da ganye da tsumma, ta danne da dutse. Gaggawa ta yi ta cizon ta, amma ko gefen ganyen ba ta ɗaga ba.

Ranar da ƙamshi ya kira ta, ba ita kaɗai ya kira ba, har maƙwabta sai da suka leƙo gaisuwa. Ta buɗe, ɗumi ya bugi fuskarta, ta ɗebo kalwa yauƙi ya biyo hannunta. Ta ce a hankali, "Sannunku da aiki, masu gida." Ta shanya, ta kirɓa, ta dunƙula. Ta tuƙa tuwon dawa mai laushi, ta kaɗa miyar kuka, ta shiga da kwano ɗakin Iya.

Tun kafin ta ajiye, hancin Iya ya motsa. Tsohuwa ta yunƙura da kanta ta zauna, ta ce a ba ta ruwan wanke hannu. Ta yanko loma ta dangwala, ta kai baki, ta daɗe tana juya ta. Ta sake yankowa. Tasalla tana durƙushe, hawaye na zuba, tana dariya ba sauti.

Sai da Iya ta suɗe kwano sannan ta ce, "Gishiri ya ɗan yi kaɗan." Ta lashe yatsa. "Ke, tsirin da kika bar musu a jikin dutsen, siriri ne ko mai faɗi?"

Tasalla ta zaro ido. "Siriri ne, Iya. Wa ya gaya miki?"

Iya Dudu ta wangale bakinta da ba sauran haƙori ko ɗaya, ta taɓa dasashinta na gaba da yatsa.

"Nawa ya fi naki faɗi. A ina kike zaton kin samo wushiryar?" Ta miƙo kwano. "Ƙaro mini, kuma ki cika miyar."